Sarkin Karta na Kaura

Tun kuna ƙanana kuke jin tsofaffin Kaura suna kirana Sarkin Karta, kuma na san akwai wanda a cikinku ya taɓa dawowa daga makaranta da yagaggiyar riga saboda wannan suna. Ban zaunar da ku na yi muku bayani ba, domin a lokacin wanda maganar ta shafa yana da rai, kuna cin tuwo kwano ɗaya da shi. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma jiki ya fara nauyi, gara ku ji daga bakina. Ban taɓa zama a tabarmar caca ba. A kan dandamalin wasan kwaikwayo na samu sunan, kuma mai shi na ainihi wana ne, Baffanku Ummaru.

Abin ya faro ne daga wani fim. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kaura Namoda, jirgin ƙasa bai gama mutuwa ba, yana zuwa jefi-jefi. Ma'aikatan reluwe suna da ɗan kulob ɗinsu a bayan layin dogo, ɗaki ɗaya mai rufin kwano da bencina. Akawun tashar, Mista Adisa, Bayarabe ne da ya daɗe a cikinmu har Hausarsa ta koma ta Zamfarawa, shi ke da bidiyo da kwali cike da kaset-kaset. Wata Asabar bayan la'asar ya sa mana wani tsohon fim na Turawa. Wasu maza ne a wani babban birni, da kwat da malafa, ba su da sana'a sai caca. Suna durƙusawa a lungu suna jefa 'yan ƙwayoyi irin na lido, suna wasan ɓuya da 'yan sanda. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ana cikin magana sai mutum ya ɓarke da waƙa, sauran su amsa, a taka rawa, sannan a koma magana kamar ba a yi komai ba. Mun saba ganin haka a finafinan Indiya, amma can masoya ne ke waƙa a cikin furanni. Nan kuwa 'yan caca ne. Turancinsu da sauri yake, na ji rabi, rabi ya wuce ni. Amma mutanen na gane su. Na san wannan dariya ta wanda aka cinye yana nuna bai damu ba, don a gidanmu na saba ganin ta.

Da aka kashe bidiyon, Mista Adisa ya juyo wurina ya ce:

"Malam Bello, wanga abu asalinai ba fim ba na. Wasan dandamali na, irin wanda kuke yi da yaranku. Daga baya anka ɗauke shi a hoto."

Ina tafiya gida ina juya maganar. Idan a dandamali aka haife shi, me zai hana mu yi namu a namu dandamalin? Muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo, yawancinmu malaman makaranta, muna yin wasannin riga-kafi da na tsabtar rijiya. Labarin Turawan ban taɓa shi ba, nasu ne. Abin da na ɗauko kawai shi ne a bar ɗan caca ya yi waƙa da bakinsa, a ji abin da ke cikinsa. Sauran labarin kuwa ba sai na je nesa ba.

Baffanku Ummaru dogo ne, yana karkata hula gefen dama, yana ɗan jan ƙafar hagu tun da ya faɗo daga amalanke yana yaro. Akwai wata rumfa a bayan tashar mota, can ne ofishinsa. Kada ku ɗauka ina wanke shi. Caca ta ci kekena, ta ci ragon layyar kakarku Inna, ta ci aurensa, domin matarsa ta gaji ta koma gidansu a Banga. Amma kuma ranar da ya ci, duk yaran layinmu sai sun ci tsire, kuma babu gawar da za a ɗauka a unguwa bai sa kafaɗarsa ba. Na je na same shi na ce ya koya mini yadda ake riƙe karta. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malamin makaranta, mi za ka yi da karta?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zo gida ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya koya mini cakuɗawa da rabawa da yadda ake leƙa ƙasan kati ba tare da fuska ta motsa ba. Hannuna ya ƙi, ya yi ta dukan yatsuna kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ina koyon hannunsa, ina kuma ɗaukar tafiyarsa da yadda yake tsotsar haƙori. Ban ɓoye masa ba, shi ma bai hana ni ba.

Akwai abin da mutanen gari ba su sani ba har yau. Duk waƙoƙin wasan nan da aka yi ta yaba mini, ba ni na yi su ba, uwarku Hadiza ce. Ni dai nakan ba ta labarin abin da ke faruwa a wurin, ita kuma tana tankaɗe ko tana tsince shinkafa sai ta fara rerawa ƙasa-ƙasa, in zauna a bakin ƙofar madafa ina haddacewa. Akwai wadda har masu tura kura suka ɗauka:

Tabarma ta ci gona, ta ci san noma,
Ba ta ƙoshi ba, tana kallon rigata.

Ta ce kada in kuskura in ambaci sunanta, kuma ban ambata ba sai yau.

Muna cikin wannan shiri aka yanke mana sabuwar jiha daga Sakkwato. Ko'ina murna ake yi, kowace ƙaramar hukuma tana neman masu kiɗa da masu wasa. Muka fito da namu a filin makaranta, da kalangu biyu da gurmi ɗaya. Ni na fito a matsayin Sarkin Karta, abokina Malam Isa ya fito a matsayin amininsa, wata malama 'yar ƙasar Zuru ta fito a matsayin matar da ta gaji. A ƙarshen wasan Sarkin Karta yakan zauna shi kaɗai a rumfa bayan kowa ya watse, ya yi waƙarsa ta ƙarshe, ya tashi ya bar kartar a ƙasa. Ba wanda ya kama shi, ba wanda ya yi masa wa'azi. Ina fitowa da hula a karkace ina jan ƙafa, filin ya ɗauka da sunan Ummaru. Shi kuwa yana zaune a layin gaba, ya miƙe ya ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Bayan an tashi ya same ni ina wanke fuska.

"Ka iya ni, Bello. Sai dai hular ta hi karkata, ni ban kai hakanan ba."

Muka kai wasan Shinkafi, muka kai Zurmi, har Badarawa aka ɗauke mu a bayan tirakta. Tun daga nan sunana ya ɓace a bakin mutane. Ban damu ba, har daɗi nake ji. Shi kuma Baffanku bai bar caca ba, amma na lura idan an zo waƙar ƙarshe ba ya dariya.

Sai shekarar Shari'a ta zo. Ina so ku fahimce ni a nan, domin an faɗi abin da ba haka ba. Ina cikin waɗanda suka hau bayan a-kori-kura zuwa Gusau ranar babban taron ƙaddamar da ita, kuma na yi kabbara da zuciya ɗaya. Na ga abin da giya da caca suka yi wa gidaje, namu ma yana ciki. Aka rufe gidajen giya, aka rufe silima. Rumfar bayan tasha masu ita da kansu suka kwance ta, kowa ya ɗauki itacensa. Mista Adisa ya riga ya yi ritaya ya koma garinsu, kulob ɗin ya zama wurin kwanan awaki. Baffanku ya dawo gida ya zauna a zaure. Wuni yake yi a nan, ba ya magana sosai, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa ba komai a cikinsu. Inna ta ce a ƙyale shi, ciwo ne ke fita.

A cikin wannan hali Malam Isa ya zo mini. An sa shi sakataren wani kwamitin faɗakarwa da ke zagaya kasuwanni yana wayar wa mutane kai. Mutumin kirki ne, tare muka taso, kuma bai zo da mugun nufi ba. Muka zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida.

"Bello, kwamiti na son wasanmu. Mutane ba su tsayawa wa lasifika, amma in sunka ji Sarkin Karta za ya hito, kasuwa duk sai ta watse ta zo."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na tambaye shi yadda suke so a yi. Ya ce za a cire kiɗa da waƙa, na ce na yarda. Ya ce ba mace a dandamali, na ce wannan ma mai sauƙi ne. Sai ya ce ƙarshen ma za a sauya. Za a kama Sarkin Karta, a kai shi gaban alƙali, a kwantar da shi a yi masa bulala a gaban jama'a, don mutane su ga hukunci da idonsu.

Na ce to bari in sauya hular da tafiyar, in yi wani mutum dabam.

"Ai wanga da mutane sunka sani shi muke so," in ji shi. "In ka sake shi, wa za ya tsaya?"

Na roƙi a bar ƙarshen yadda yake, mutum ya tuba don kansa, ai shi ma darasi ne. Ya ce zai kai maganar. Ya dawo ya ce ba a yarda ba. Ya ba ni zuwa Juma'a in yi shawara.

Ban gaya wa Baffanku ba. Uwarku na fara gaya wa, tana shanya wanki a igiya. Ta gama matse zanen da ke hannunta kafin ta amsa.

"Malam, waƙoƙin dai an hidda su, ni ba ni da sauran komi a ciki. Amma in ka ƙiya, ka san abin da za a ce. Za a ce sunan ya bi ka har zuci. Ga yara, ga aikinka. Ni ban ce ka yi ba, ban ce kak ka yi ba. Ka dai san abin da kaka ɗauka."

Gaskiya ta faɗa. Na yi kwanaki ina lallashin kaina cewa wasa ne kawai, bulalar ma ta kara ce, kuma watakila wani yaro ya gani ya tsira. Har yau ban ce wannan hujja banza ce ba. Inna ce ta gane akwai abin da ke damuna, don ta ga ina barin tuwo. Ta kira ni ɗakinta da hantsi, tana kaɗi da mazari, na kwashe duka na gaya mata. Ba ta taɓa ganin wasan ba, ba ta ma san yadda dandamali yake ba. Ta ajiye mazarin a cinya.

"Kai za a kwantar?"

Na ce ni ne.

"Kai za a kwantar, amma bayan Ummaru mutane za su gani. In hukuma ta kama shi da laihi ta buge shi, ni ba ni cewa komi, shi ya jawo. Amma yanzu ga shi nan zaune zaure, bai taɓa komi ba tun da anka hana. Kai ɗan'uwanai ka tahi kasuwa ka tuɓe mai riga?"

Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tare Malam Isa na ce ya yi haƙuri, ba zan yi ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce ya gane, amma ba kowa zai gane ba.

Ba kowa ya gane ba. Kafin mako ya zagayo an ce Sarkin Karta ya ƙi aikin Shari'a. Wasu suka ce dama can ina taɓawa a ɓoye, in ba haka ba ina na iya raba karta haka? Mutanen da muke sahu ɗaya da su suka fara gaishe ni a tsaitsaye. Wani uba ya cire ɗansa daga ajina. Ƙungiyarmu ta watse, domin rabi sun bi kwamiti, rabi sun ji tsoro, malamar nan kuma ta nemi canji ta koma gida. Kuma ƙin da na yi bai hana komai ba. Suka samu wani saurayi a cikin 'yan ƙungiyar, suka karkata masa hula, suka yi wasan a Shinkafi ranar kasuwa. Na ji labari an taru ƙwarai, kuma da aka kwantar da shi mutane suna ta kiran sunan Ummaru suna dariya. A ranar Baffanku ya fita tun safe bai ce ga inda za shi ba. Bai dawo ba. Daga baya wani direba ya ce ya gan shi a wajen Maraɗi.

Da hutun ƙarshen zango ya ƙare aka ba ni canjin wurin aiki zuwa Gurbin Bore, can ƙasar Zurmi. Ban san ko maganar wasan ce ta jawo ba, ko kuwa dama layi ne ya zo kaina, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Manyanku za su tuna tafiyar, da katifu a kan mota da kaji a cikin kwando. Uwarku ba ta ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya. Amma ta daina rera waƙa in tana aiki, kuma wannan ya fi canjin yi mini ciwo. Inna ta ƙi biyo mu, ta ce idan Ummaru ya dawo ya tarar da gida a rufe fa? Ni kuwa nakan zauna bayan an tashi makaranta in tambayi kaina me na tsinana. Na rasa gari, na rasa wasa, ɗan'uwan da na yi dominsa an yi masa abin da nake gudu, ya kuma tafi.

Mutanen Gurbin Bore sun karɓe mu hannu biyu. Mai gari ya ba ni gona aro, wani Bafulatani maƙwabcinmu yana aiko mana da nono. A kaka ta biyu, ina cikin gona ina yankan gero, na hango mutum tafe ta hanyar da ke fitowa daga iyaka ta wajen Maraɗi, da ƙunshi a kafaɗa. Tun daga nesa na gane tafiyar. Ya rame, gemunsa ya yi fari, hular ma babu, rawani ya naɗa irin na mutanen can. Muka gaisa kamar jiya muka rabu. Ya tambayi Inna, na ce tana nan lafiya tana jiran sa. Ya ajiye ƙunshinsa, ya karɓi magirbin hannuna, ya shiga kunyar gero ya fara aiki, ni ina bin sa ina tarawa. Mun yi nisa da aikin, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Na ga wasan ga na Shinkahi."

Na ce ban san ya je ba.

"Na ji ana shela za a buge Sarkin Karta, nic ce bari in tahi in gani. Na tsaya can baya, wurin masu albasa, na ja hula na ruhe huska. Yaron nan bai iya tahiyata ba, kamar agwagwa."

Na yi 'yar dariya, shi bai yi ba.

"Ba shi nika kallo ba. Huskokin 'yan wasan nika bi ɗai-ɗai, ina neman taka. Har anka gama ban gan ka ba. Na tambayi wani, yac ce ai Malam Bello ya ƙiya, shi ya sa anka sa wanga." Ya yanke kan gero ya jefa a ƙasa. "Kunya ta kore ni, Bello, ban iya komawa Kaura rannan ba. Amma da kai nig gani kwance wurin nan, ko gawata ba ta dawowa ƙasar ga."

Na ce rana ta yi, mu je gida a sha fura.

Ba zan ce muku daga ranar ya zama waliyyi ba. A Maraɗi ya yi caca har ta ishe shi, kuma bayan ya dawo ma na san ya ɗan zame sau ɗaya ko biyu kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ya kwana biyu tare da mu, sannan na raka shi Kaura. Inna tana tsakar gida da muka yi sallama. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce wa yarinyar maƙwabta ta ƙara ruwan tuwo. Shi ya zauna da ita har ta rasu, shi ya riƙe gidan, yana sayar da albasa a bakin tasha, ba nisa da inda rumfar take a da. Ni kuwa sai da na yi shekaru a Gurbin Bore kafin a dawo da ni, kuma ban sake hawa dandamali ba.

Da muka koma Kaura, ranar da muka sauke kaya, Malam Isa ne ya fara zuwa yi mana barka. Ya tarar da Baffanku a zaure. Na ga ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa ko ya shiga ko ya juya. Baffanku ya matsa gefe, ya buga tabarmar da tafin hannu, ya ce:

"Shigo, Isa. Zamna nan kusa da ni."